Masta Isaka da Ƙofar Malam Yohanna

Ranar sunan 'yar Bashir ina zaune a falo ana jiran tuwo, na ji ku samari a kusurwa kun haɗa kai a kan waya. Wani Bature ne a bidiyo ya cire tsohuwar ƙofa ya sa sabuwa cikin minti takwas, har da kiɗa. Ɗayanku ya ɗago ya ce, "Kawu Sabo, ashe wannan ne aikin naku? Ai ko mu ma iya." Ban tanka ba a ranar, don akwai nama a bakina. Yau babu, sai ku gyara zama.

Ni kafinta ne tun daga gida. A Tudun Wadan Zariya na koyi aiki, na yi shekara goma sha biyar ina gadaje da kabad da ƙofofi. Da maiɗakina ta samu aikin jinya a babban asibitin nan na Camberwell, na biyo ta. Na iso London ina ganin in dai ƙofa ce, babu mai koya mini komai. Wata takwas na yi ina sauke kwalaye a wani sito, ko zarto ban taɓa ba.

Wata Juma'a a Tottenham, an idar da salla ana tururuwar fita, na ga wani gajeren dattijo ya durƙusa a bakin masallaci yana murɗa hinjin ƙofa da ɗan ƙarfe. Mutane suna ta tsallake shi. Sai na ji ya ce, "Ku bi a hankali mana, kofan nan bai ci muku komai ba." Na tsaya cak. Na yi masa sallama da Hausa, ya amsa bai ɗago ba, ya ce in riƙe masa ƙofar. Wannan shi ne Masta Isaka, mutumin Zangon Kumasi. Hausarsa irin ta can ce, babu mace babu namiji, ƙofa ma "shi" ce, matar gida ma "shi" ce. Ya kai shekara talatin yana sa ƙofofi a garin nan. Da na ce masa ni kafinta ne, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Litinin ka zo. Amma ka bar kafinta a gida."

Aikina na farko tare da shi a wani layi ne a Tottenham, cikin tsofaffin gidajen nan na jan bulo da suke manne da juna. Awo kawai muka je. Ya miƙo mini tef. Na ja shi daga bulo zuwa bulo a tsakiya, na ja daga sama zuwa ƙasa, na faɗa masa lamba. Ko minti biyu ban yi ba.

"Ka gama?" in ji shi.

"Na gama, Masta. Ai ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ya karɓi tef ɗin. Ya auna faɗi a sama, ya auna a tsakiya, ya durƙusa ya auna a ƙasa. Ya auna tsawo a hagu, a tsakiya, a dama. Ya ja daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ɗora lebur, ma'aunin da ke nuna ko abu ya miƙe, a jikin bangon, kumfar cikinta ta gudu gefe. Tsakanin sama da ƙasa akwai bambancin milimita goma sha huɗu. Gidan ya haura shekara ɗari, ya zauna, ya karkace kamar tsoho a kan kujera. Da awona aka aika wa masana'anta, da ƙofar ta zo ba ta shiga ba.

Na ce ai abu ne mai sauƙi, in ta kama sai a fere ta.

Ya yi dariya har da tari. "A Zariya ke nan. Kofan katako yana yafiya, ka yi kuskure ka fere shi. Wannan ba ya yafiya."

A nan na fara sanin abin da ake kira kwamfozit. Ku kun taso kuna ganinta a kowane layi, kuna zaton katako ne aka yi wa fenti. Ba katako ba ne a waje. Fata ce ta wata roba mai tauri da ake ce wa fayiba, an zana mata jijiyar itace, launinta kuma a jikinta yake, ruwan London ba ya cinye shi. A ciki, ko dai katako ne da aka manna falle-falle, ko kumfa ce da ta daskare aka kewaye ta da ƙashi mai ƙarfi. Firam ɗinta na roba ne da ƙarfe a cikinsa. Masana'anta ke haɗa ta gaba ɗaya a kan awon da ka aika, da hinji da makulli da komai, ta zo maka bayan mako uku ko huɗu. Ka taɓa gefenta da zarto, ka kashe ta. Don haka ake ɗaukar mafi ƙanƙantar awo, a rage milimita goma, a bar wa firam wurin numfashi. Rabin aikinmu yana ƙarewa ne ranar awo, tun ba a ɗauki guduma ba.

Kayan aikin Masta ba su da yawa, kuma babu sabo a ciki. Lebur doguwa da gajera. Injin huda bulo. Ƙarfen ɓanɓare tsohon firam, wanda ya naɗe wa baki da tsumma don kada ya fasa wa mutane filasta. Gwangwanin madara cike da 'yan robobi masu launi-launi da muke cusawa tsakanin firam da bango, kowane launi da kaurinsa. Sai wasu guntaye guda uku da ya yanko daga ƙofofi daban-daban, kowanne kamar tafin hannu. Waɗannan ba ya shiga gidan kowa ba tare da su ba.

Na tuna wata likita a Camberwell, 'yar Katsina, da ta kira mu. Ta riga ta zaɓi ƙofa a waya, baƙa wuluk da hannu ruwan zinariya, ta ce har ta kusa yin booking. Masta ya zauna a kan matakalar gidanta ya jera guntayen nan uku.

"Dakta, dauki wannan. To dauki wannan."

Ta ɗaga, ta ce ɗaya ya fi nauyi.

"Danna da babban yatsa."

Ta danna na ukun, fatarsa ta lotsa. Ta dube shi.

"A hoto duka daya ne," in ji shi. "Ka tambayi mai sayarwa kaurin kofa, ya fada maka da lamba. Ka tambaye shi mene ne a ciki. Ka ce ya nuna maka takardan gwaji, da shekara nawa ya tsaya a kai. In ya fara kame-kame, ka tashi."

Daga nan ya shiga tambayoyinsa, waɗanda na ji sau ɗari bayan haka. Ta ina rana take bugun gidan? Wa yake fara fita da safe? Akwai keken jariri? Akwai tsoho? Ana so haske ya shigo zaure ko ana so a ɓuya? Gidan likitar yana kallon kudu, rana tana kansa daga hantsi har la'asar. Ya ce mata baƙar ƙofa tana shan zafi ta motsa, in tana son baƙa dole ta ɗauki mai ƙashi na gaske. Ta ɗauka. Da aka zo kan makulli ta ce kowanne ma ya yi. Ya fito da wani tsohon bututun makulli mai araha daga aljihu, ya kama shi da filaya, ya karya shi biyu a gabanta kamar rake.

"Kofa na giwa, makulli na kaza," ya ce. "Barawo ba ya fada da giwa."

Ba kowane aiki yake karɓa ba. In flat ne, ƙofar tana buɗewa cikin barandar da jama'a ke bi, sai ya ce wannan ƙofar wuta ce, tana da dokarta, a fara zuwa wurin council, wato hukumar unguwa, ko masu ginin. Wani Alhaji ya taɓa cewa ya sa masa kawai, babu mai sani. Masta ya naɗe tef ɗinsa ya ce, "Wuta zai sani." Muka fito ko shayin ba mu sha ba.

In ya gama sa ƙofa, sai ya tara duk mutanen gidan, har yara. Ya nuna musu cewa in an rufe dole a ɗaga hannun sama, don ƙugiyoyin da ke gefen ƙofar su shiga firam su riƙe ta sama da ƙasa. Ba don ɓarawo kaɗai ba, wannan riƙon ne yake hana ta lanƙwashewa. Kowa sai ya gwada a gabansa. Yaran da aka haifa a nan suna jin Hausarsa su yi dariya, su ce "Okay, uncle," amma suna ɗagawa.

Akwai wani aiki da ba na mantawa, a watan Nuwamba, ana yayyafin nan da ba ya jiƙa ka lokaci ɗaya sai a hankali. Mun cire tsohuwar ƙofa tun safe, mun tsayar da firam, mun cusa robobi, mun huda, mun ɗaure, mun rataya ƙofa. Ƙarfe uku mun gama. Maigidan ya fito ya buɗe ya rufe, ya ce madalla. Na fara kwashe kaya. Masta ya yago 'yar takarda, ya sa ta tsakanin ƙofa da robar da ke tare iska, ya rufe, ya ja. A ƙasa ta riƙe. A tsakiya ta riƙe. A kusurwar sama ta zame ta fito salin alin.

Ya gwada gyara ta hinji, bai gamsu ba. Ya ce in kwance firam ɗin.

"Masta, milimita uku ne fa. Maigida bai gani ba."

"Iska zai gani. Watan Janairu zai gani."

Muka kwance komai muka sake. Ina jiƙe, ina ƙunƙuni a ciki. Amma da ya tura ƙofar da yatsa ɗaya ta tafi ta zauna da wata ƙara mai taushi kamar an rufe firij, na san ban taɓa sa ƙofa irin wannan ba duk zamana a Zariya. Gidan yana nan, nakan bi ta layin. Ƙofar ba ta motsa ba.

Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Da gwiwoyinsa suka gaza, ya ajiye aiki, ya ba ni leburarsa doguwa ya ce in je in ci gashin kaina. Na sayi tsohuwar motar aiki, na fara samun kira.

Yanzu ga shekarar da ba na son tunawa, amma ita ce dalilin zaman nan.

Wani mutum ya same ni a wurin sayen kaya ya ce yana da ƙofofin kwamfozit a wani sito, ana haɗa su a kan awo kamar kowa, amma kuɗinsu bai kai na sauran ba ko kusa. Na je na gani. Kyawawa, launi ya zauna, hannu yana sheƙi. Na ƙwanƙwasa ɗaya, na ji kamar ƙarar ta yi sama-sama, amma na ce wa kaina kunnena ne. Mutanenmu kullum suna kukan tsada, ga hanyar da zan sauƙaƙa musu in kuma samu aiki. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Na san karin maganar tun ina yaro, ranar dai ban gayyace ta ba.

A Dagenham na fara. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, mutuniyar Pankshin, ta san maiɗakina a wurin aiki. Mijinta Malam Yohanna tsohon malamin makaranta ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi shekara huɗu kafin nan. Damansa ya mutu, magana sai da ƙyar, yana zaune a keken marasa lafiya. Tsohuwar ƙofarsu ta ruɓe, sanyi yana shigo masa. Ta zaɓi baƙa. Na auna wuri uku kamar yadda aka koya mini, wannan ban yi wasa da shi ba. Amma ban tambayi rana ba, ban kuma ko leƙa falo na ga mai gidan ba, gaisuwa kawai na jefa daga zaure. Na sa ƙofa a watan Maris, ta yi kyau. Sista ta faɗa a cocinsu, kafin wata uku na sa goma sha ɗaya a unguwar.

Sai bazara ta zo da zafin da ba a saba gani ba a ƙasar nan. Waya ta fara ƙara. Wannan ya ce sai ya sa kafaɗa ƙofa take rufuwa. Wancan ya ce mabuɗi ba ya juyawa da rana, sai yamma. Na yi ta zagaye ina murɗa hinji, ina ce musu zafi ne, zai wuce.

Wata Talata da azahar Sista Rifkatu ta kira ni. Ban gane muryarta ba.

"Malam Sabo, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Baban yara ya faɗi a ciki. Ina ganinsa ta ramin wasiƙa."

Ina aiki a kusa, na bar kayan mutane a buɗe na taho. Na tarar da ita a durƙushe da kayan asibiti a jikinta, bakinta a ramin jefa wasiƙa da ke jikin ƙofar, tana ce masa kada ya motsa. Mai kula da shi ta zo da safe ta kulle ta tafi. Rana ta bugi baƙar ƙofar nan tun hantsi, ta gantsare kamar kwano, ta danne ƙugiyoyi. Da Sista ta dawo ta matsa hannun da ƙarfi, ƙarfen cikin makullin ya karye, hannu ya koma yana lilo. Shi kuma da ya ji matarsa tana fama, ya jawo kekensa zuwa zaure don ya taimaka. Hannun ƙofar yana ɓangaren damansa, wanda ba ya aiki. Ya miƙa hagu ya ƙetara jikinsa, keke ya goce, ya kifa.

Na taɓa ƙofar, ta ƙona mini tafi. Na cusa ƙarfe tsakaninta da firam, na buɗa, ina tura ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Minti arba'in na yi. Ina jin numfashinsa ta ƙasan ƙofa. Motar asibiti ta iso daidai lokacin da ta buɗe. Goshinsa ya fashe, kafaɗarsa ta bugu, amma Allah ya kiyaye, ƙashi bai karye ba.

Da za su tafi da shi, Sista ta tsaya a gabana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Sabo, masu wannan aiki sun cika garin nan. Kai na kira, don na ce namu ne."

Na canza makullin a ranar don gidan ya kwana a rufe. Washegari na je siton mutumin da ya sayar mini da ƙofofin, na tarar an sauke ƙofar ƙarfe, babu kowa, lambarsa ba ta shiga. Labari kuwa ya riga ni zagaya Dagenham. Ayyuka uku da nake da su a hannu duk aka yi cancel. Wayata ta yi shiru, in ta yi ƙara to mai ƙorafi ne. Na koma sauke kwalaye kwana uku a mako.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya hawa benen Masta. Yana zaune a flat ɗinsa na council a Tottenham, ƙafafu a kan matashi. Na faɗa masa komai. Ya ce in kawo ɗaya daga cikin ƙofofin. Akwai wadda mai ita ya ce in cire in tafi da abata, tana cikin mota. Ya sauko da sanda, muka kwantar da ita a wurin ajiye motoci, na sa zarto na raba ta biyu. Fatar kamar ɓawon ƙwai. Kumfar ciki duk ramuka, wani wurin ma fanko. Babu ƙashi ko kaɗan, sai wani siririn katako a gefe.

"Ka yanka kafin ka saya?"

"A'a, Masta."

"Ka tambayi rana?"

"A'a."

Na tsaya ina jiran faɗa. Ya daɗe yana kallon ɓarin ƙofar, sannan ya ce, "Guda nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Duka za ka cire. Gobe karfe takwas ka zo ka dauke ni. Mu fara da wanda ya fadi."

Sista Rifkatu ba ta so buɗe mana ba, kuma ban ga laifinta ba. Masta ya cire hularsa ya gaishe ta, ya tambayi mai jiki, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya ce shi ne ya koya mini sana'a, don haka rabin laifin nasa ne. Ta matsa ta ba mu hanya.

Na fito da tef. Ya ce in mayar. Ya nemi kujera ya zauna a zaure, ya ce, "Malam Yohanna, don Allah nuna mini yadda kake zuwa kofa."

Malam Yohanna ya fito daga falo da filasta a goshi. Da ƙafar hagu yake jan keken, yana dogara ta a ƙasa. Masta ya sa shi ya je ya dawo sau uku. Ya duba inda keken yake tsayawa, ya duba iya inda hannun hagu yake kaiwa, ya sa alama da fensir a bango. Ya miƙa masa hannunsa ya ce ya matse iya ƙarfinsa. Ya ba shi mabuɗi ya ce ya juya a iska, yatsun suka kasa riƙe shi da kyau. Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya auna dokin ƙofa da yatsu, ya kai yatsa uku, tayar keke ba ta hawa sai an ɗaga. Awa guda muka yi, ba a auna bulo ko ɗaya ba.

"Yaushe rabon da ka bude kofan gidanka da kanka?" Masta ya tambaye shi.

Malam Yohanna ya ɗaga yatsu huɗu.

Ni ina so in wanke kaina, sai na ce a sa musu mai katako a ciki, mafi kauri, mafi nauyi da ake da ita.

"A'a," in ji Masta. "Hannu daya ne zai ja shi. Kai kana neman kofan da zai rufe bakin mutane. Ni ina neman wanda mutumin nan zai bude."

Ya zaɓi mai kumfa, amma ta masana'antar da ya sani shekara da shekaru, kumfa mai tauri da ƙashi kewaye, mara nauyi, mai riƙe ɗumi. Launi ruwan toka mai haske saboda rana. Hinji ya koma ɗaya gefen don hannun ƙofa ya faɗo ɓangaren hagun mai gida. Dokin ƙofa na ƙarfe, ɗan siriri, wanda taya za ta hau. Makulli irin wanda ƙugiyoyinsa suke shiga da kansu in an tura, ba sai an ɗaga hannu ba. Daga ciki babu mabuɗi, sai wani ɗan murfi mai faɗi da ake juyawa da tafi. Sai dogon gilashi siriri mara fashewa da ya sauko ƙasa, yadda na zaune zai ga wanda ke waje. Sannan ya ce, "To, yanzu auna." Na auna, shi ma ya auna bayana.

Sauran goman sai da suka cinye mini shekara. Ina sauke kwalaye, in haɗa abin da ya samu in sayi ƙofa ɗaya, in je in cire tawa in sa ta kirki. Kowane gida Masta yana zaune a gaban mota da sandarsa, shi yake fara shiga ya yi gaisuwa. Wasu sun karɓe mu da fara'a, wasu ko ruwa ba su ba mu ba. Wajen gida na bakwai ne wayata ta fara ƙara da sabon aiki, kuma daga cocin su Sista kiran ya fito.

Amma ranar da nake so ku riƙe ita ce ranar da muka sa ta Malam Yohanna. Asabar ce, sama ta yi garau. Na cire baƙar, na share bulo, na tsayar da firam. Masta yana kan kujera riƙe da gwangwanin robobi, yana miƙo mini launin da ya dace tun ban tambaya ba. Na ɗora lebur a fuska, na ɗora a gefe, na ɗaure, na sake ɗorawa. Na rataya ƙofa, na cika gefe da kumfa, na bi da silikon. Wajen la'asar muka gama. Sista ta fito da tsintsiya tana share ƙura a waje.

Masta ya ce, "Malam Yohanna, bismilla."

Ya jawo keke da ƙafarsa har bakin ƙofa. Mu uku muna tsaye a waje a kan matakala. Ya dube mu, ya sa hannun hagu ya tura. Ƙofar ta tafi ta rufe a fuskarmu, muka ji ƙugiyoyi sun faɗa. Muka ji ya juya murfin.

Sista ta jingina tsintsiya, ta sa hannu a aljihu tana neman mabuɗi. Masta ya girgiza mata kai. Ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa sau uku.

"Salamu alaikum. Masu gida suna nan?"

Ta gilashin muka ga fuskarsa ta matso, yana duban mu ɗaya bayan ɗaya kamar bai taɓa ganinmu ba. Ya ɗauki lokacinsa. Sannan murfi ya juya, hannu ya sauka, keke ya ja baya a hankali, ƙofa tana biye da shi har ta buɗe gaba ɗaya.

Bakinsa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Ma... maraba. Ku shigo."

Masta ya cire takalmansa a kan matakala ya shiga, na bi shi. Sista ce ta ƙarshe. Ta juya ta kama ƙofar za ta rufe, yadda ta saba shekara huɗu. Malam Yohanna ya ɗaga mata hannu.

"Bari," ya ce. "Aikina ne."